Maigidana ya rasu yana bakin aiki, ƙaninsa ya ce shi zai karɓi haƙƙoƙinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa maigidana rasuwa wata biyu da suka wuce, yana da shekara 54. Ma'aikaci ne a wata hukuma ta gwamnatin tarayya, ya kama aiki tun 1995. A gida ya cika da asuba bayan jinyar kwana uku, kafin azahar an kai shi makwancinsa, don haka ba mu da wata takarda ta asibiti. Ya bar mu mu biyu, ni da abokiyar zamana, da 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, babbansu yana da shekara 22. Mahaifiyarsa tana raye, mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ranar sadakar bakwai ƙaninsa ya ɗauke jakar takardunsa, ya ce sunansa marigayi ya rubuta a ofis tun kafin ya yi aure, saboda haka shi zai karɓi komai, ya san yadda zai yi da mu. Har yanzu albashi yana shigowa, katin ATM kuma yana hannunsa. Ina cikin takaba, ban san ta inda zan fara ba. Mene ne haƙƙinmu, kuma ina ake bi? Yayana da ke tsaya mini shi ma ma'aikacin tarayya ne, saura shekara biyu ya yi ritaya, ya ce in tambaya masa abin da ya kamata ya gyara tun yanzu.

Wata baiwar Allah, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari, ku kuma ya ba ku haƙuri da juriyar rashi.

Ki kwantar da hankalinki a kan maganar ƙanin mijinki. Sunan da ma'aikaci ke rubutawa a fom ranar kama aiki, wanda 'yan ofis ke kira nes-of-kin, suna ne na wanda za a fara nema idan wani abu ya samu ma'aikacin. Wannan sunan ba ya mai da mutum magaji. Dokar fansho ta 2014, a sashe na 8, ta ce kamfanin fansho ba zai saki kuɗin da ke asusun mamaci ba sai an kawo masa wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu da ta naɗa waɗanda za su kula da dukiyar mamacin, kuma ga waɗannan da kotu ta ambata za a biya, bayan amincewar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. A shari'ar Musulunci ma, muddin mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba shi da gado. Duk da haka kada ki mai da shi abokin gaba. Mutane da yawa sun yi imani da gaske cewa wannan suna yana ba su iko, ba don mugun nufi ba. Kuma za ku buƙace shi, domin ofis da kamfanin fansho kan nemi ganin wanda sunansa ke fayil, da katin shaidarsa da hotonsa. A sa Hajiya mahaifiyar marigayi ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya zaunar da shi, a karanta masa wannan bayani, a karɓo jakar a gaban shaidu, a rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi gaggawa shi ne katin ATM da albashin da ke shigowa. Albashin watannin da suka biyo bayan rasuwa kuɗin gwamnati ne da aka biya bisa kuskure, kuma idan an zo lissafi za a cire shi daga haƙƙoƙinku. Wato duk abin da ake zara yanzu, daga rabon marayu zai fita. Cire kuɗi daga asusun mamaci ba da izinin kotu ba kuma yana iya jawo wa mai yi tuhuma. A daina taɓa katin daga yau. Ku rubuta wa shugaban hukumar da Malam ya yi aiki takardar sanar da rasuwa, da cikakken sunansa, lambar fayil ɗinsa, lambar IPPIS, wato lambarsa a tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, da ranar rasuwa. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da ita gida. Ki riƙe wannan ɗabi'a a duk ofishin da za ku taka: kada takarda ta bar hannunku ba ku da kwafinta mai hatimi. Bankinsa ma a sanar da shi a rubuce. Layin wayarsa kuma ki adana shi, ki riƙa sa masa kati, domin ta nan saƙonnin banki da na kamfanin fansho ke shigowa, kuma layin da ya daɗe a kashe kamfani kan sake sayar da shi ga wani.

Sai shaidar rasuwa. A nan yawancin gidajenmu ke tuntuɓe, saboda muna gaggauta kai mamaci makwancinsa kamar yadda addini ya koyar, ba wanda hankalinsa ke kan takarda a wannan rana. Rashin takardar asibiti ba ya hana komai. Idan Malam ya ga likita a cikin kwana ukun nan, ku koma asibitin da katinsa ku nemi rahoton jinya. Idan bai je ba, ku karɓi takarda daga mai unguwa ko dagaci, da wata daga limamin da ya sallaci gawar, su bayyana ranar da ya rasu da maƙabartar da aka binne shi. Da su za a je kotu a yi takardar rantsuwa, sannan a kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarku a yi wa rasuwar rajista, a ba ku satifiket. Wannan satifiket na Hukumar Ƙidaya shi ne kowane ofis zai tambaya.

Ku zuba ido sosai a kan abu biyu kafin ku bar teburin mai rubutawa: suna da kwanan wata. Idan fayil ɗin ofis ya ce Muhammad, katin NIN ya ce Mohammed, satifiket kuma ya zo da Mamman, an sami mutum uku ke nan a idon kwamfuta, kuma fayil zai kwanta har sai an yi wata rantsuwar. Ku ɗauki sunan yadda yake a takardar albashinsa da rajistar fanshonsa, harafi da harafi, da jerin da aka bi wajen rubuta shi. Ranar rasuwa ma ta zama ɗaya a takardar liman, da ta rantsuwa, da wasiƙar da kuka kai ofis. Bambancin kwana ɗaya ya isa a dawo da ku.

Takarda mafi nauyi ita ce ta kotu, wadda ake kira leta of administireshan, wato izinin kula da dukiyar mamaci. Hanya biyu gare ku. Ta farko sashen gado na Babbar Kotun Jiha: za a ba ku fom, a ba ku wata takarda da za ku kai kowane banki da kamfanin fansho su rubuta adadin kuɗin da ke asusun, ku kawo masu tsaya muku mutum biyu, a buga sanarwa a jarida domin mai ƙorafi ya fito, sannan a biya kuɗin kotu gwargwadon ƙimar dukiyar. Ta biyu Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, inda alƙali zai tantance magada, ya ba da umarni mai hatimi. A jihohin Arewa kamfanonin fansho suna karɓar irin wannan umarni, kuma ga iyali Musulmi ita ce ta fi sauƙi, tunda can ɗin ne za a raba gadon. Amma kafin ku kashe ko kwabo, ku fara zuwa kamfanin fanshon da ofishin Malam ku karɓi jerin takardun da suke buƙata a rubuce, ku tambaye su ƙarara wace takardar kotu za su karɓa, don kada ku yi aiki biyu.

Kuskuren da ya fi cin rai a wannan gaɓa shi ne barin wani abu a waje. Kotu tana ba da izini ne a kan abin da aka lissafa mata kawai. Idan takardar ta ambaci gida da mota da asusun banki, ba ta ambaci kuɗin fansho ba, kamfanin fansho zai mai da ku kotu a ƙara. Saboda haka a rubuta asusun fansho da sunan kamfanin da lambar asusun, wadda ke farawa da PEN sai lambobi 12, a rubuta kowane asusun banki da lambarsa, a rubuta inshorar rai ta ma'aikata, da kuɗin asusun gidaje, da abin da yake da shi a ƙungiyar adashin ofis. A jera magada duka, ku matan biyu, Hajiya, da yaran bakwai, da takardun haihuwar ƙanana. Idan ɗayanku tana da juna biyu a faɗa wa alƙali, domin abin da ke ciki yana da rabo.

Wa za a naɗa? Shawarar da muke bayarwa a gida mai mata biyu ita ce kowane ɗaki ya sami wakili. Ke da abokiyar zamanki, ko ke da babban ɗa idan daga ɗakinta yake, kuma babu laifi a ƙara ƙanin marigayi na uku idan hakan zai kawo zaman lafiya. Waɗanda aka naɗa za su buɗe asusun banki na musamman da sunan dukiyar marigayi, a tsara shi yadda kuɗi ba zai fita ba sai da sa hannun kowa. Cikinsa ne kamfanin fansho zai zuba kuɗin. Ki nemi abokiyar zamanki a kan wannan tun yau, ko da akwai tsohon saɓani a tsakaninku. Da zarar ɗaki ɗaya ya tafi kotu a ɓoye, ɗayan ya kai ƙorafi, kamfani zai tsayar da biya har sai an gama shari'a, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: nan ne 'yan "kawo in bi muku" ke shigowa suna neman kaso. Bin haƙƙin mamaci a kamfanin fansho kyauta ne, ba a biyan kowa.

Game da takaba, malaman mazhabar Malikiyya sun halatta wa mai takaba fita da rana don buƙata, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Yayanki da babban ɗanku za su iya yin yawancin zirga-zirgar, amma ranar sa hannu a kotu da ranar ɗaukar hoto da yatsa a kamfanin fansho, zuwa da kai ya fi aike.

Yanzu ga kuɗaɗen da kansu. Ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba, kuma samun ɗaya ba ya nufin an gama. Iyalai da dama sun karɓi na farko suka ɗauka shi ke nan, alhali mafi tsoka yana can bai fito ba.

Na farko shi ne abin da ke asusun fanshonsa. Tun 2004 ake cire wani kaso na albashinsa duk wata, gwamnati ta ƙara nata, a zuba a asusun da kamfanin fansho ke juyawa. Da farko kashi bakwai da rabi cikin ɗari na albashi ne kowane ɓangare, dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, aƙalla kashi 10 daga mai ba da aiki. Idan ba ku san kamfanin ba, ku duba takardar albashinsa ko saƙonnin wayarsa, ko ku tambayi jami'in fansho na ofishinsu. Za ku kai musu satifiket ɗin rasuwa, takardar kotu, wasiƙar gabatarwa daga ofis mai ɗauke da ranar haihuwa, ranar kama aiki, ranar rasuwa da matakin albashi, sai takardar ɗaukar aiki ta farko, takardun ƙarin girma, takardar albashi ta ƙarshe, hotuna da katin shaidar waɗanda kotu ta naɗa, da bayanin asusun da kuka buɗe. Kamfanin zai tura wakili kotu ya tabbatar takardar ta gaske ce, sannan ya miƙa wa PenCom. Ko bayan da hukumar ta sakar wa kamfanoni mara a 2025 su riƙa amincewa da biyan masu ritaya da kansu, haƙƙin mamaci har yanzu sai ya bi ta teburinta. Ku nemi cikakken bayanin asusun tun daga farko, ku bi shi wata-wata. Idan akwai watannin da ba a zuba ba, ku rubuta wa ofis da kamfanin tun kafin a rufe lissafi.

Da yake Malam ya kama aiki a 1995, yana da wani haƙƙi na daban, na shekarun da ya yi a tsohon tsari, daga ranar kama aiki zuwa 30 ga Yuni 2004. Wannan bashi ne a kan gwamnatin tarayya. PenCom ce ke lissafa shi bisa matakin da yake a lokacin, shi ya sa takardar albashin Yunin 2004 ko shaidar matakinsa na wancan wata take da daraja, a nemo ta a fayil ɗin ofis idan babu a jaka. Sai gwamnati ta saki kuɗi ake zuba shi a asusun, don haka yana iya zuwa a makare. Idan an biya ku kashi na farko, ki tambaya a rubuce ko an haɗa da na shekarun kafin 2004. In ba a haɗa ba, kada ku rufe asusun magada.

Na biyu inshorar rai, kuma a nan nake so ki fi sa ido. Sashe na 4 na dokar ya wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. A misali, wanda jimillar albashinsa na shekara naira miliyan 1.8 ne, iyalinsa na da aƙalla miliyan 5.4. Ga ma'aikatan tarayya da ke karɓar albashi daga baitulmali, ofishin Shugaban Ma'aikata na Tarayya ne ke kula da wannan, kuma hukumar da Malam ya yi aiki ce za ta tura takardunku can. A dokar 2004 cikin asusun fansho ake zuba wannan kuɗi. Dokar 2014 ta canza, ta ce kamfanin inshora ya biya wanda ma'aikaci ya ambata a matsayin mai cin gajiya. To ka ga nan ne kawai sunan da ke fom zai iya yin tasiri, idan Malam bai sabunta shi ba bayan aure. Don haka kada ku yi jinkiri: ku rubuta wa ofis cewa marigayi ya bar mata biyu da uwa da 'ya'ya bakwai, maganar gadonsa tana gaban kotu, kuna roƙon kada a biya kowa sai ta asusun da kotu ta amince da shi. Ku sanar da alƙali ma. Malamai sun yi saɓani a kan ko irin wannan kuɗi yana shiga cikin gado ko na wanda aka ambata ne, saboda haka a bar alƙali ya yanke, kada a yanke a zaure. Idan kuma aka ce muku ba a biya kuɗin inshora a shekarar da ya rasu ba, wannan ba ya kashe haƙƙinku: dokar ta ɗora wa mai ba da aikin da ya yi sakaci ya biya daga aljihunsa.

Kuɗin jana'iza shi ne na uku. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi wani adadi ga ma'aikacin da ya rasu yana bakin aiki, gwargwadon matakinsa, kuma ofishinsa ne ke biya. Da yake mu ba ma ajiye gawa, kuɗin ba ya riskar jana'iza, sai dai a bi shi daga baya, shi ya sa da yawa ba su ma san da shi ba. A rubuta takardar nema ta hannun shugaban sashen da Malam yake. Idan ya fito, wanda ya sayi likkafani ya biya masu haƙa kabari da niyyar a mai da masa, a mai da masa, saura ya shiga asusun magada. Abin da aka kashe a abincin sadakar uku, bakwai da arba'in ba bashi ba ne a kan dukiyar marayu. Baligin da ya ga dama ya ɗauka daga rabonsa.

Akwai ƙananan da ake mantawa. Idan takardar albashinsa tana nuna NHF, wato kashi biyu da rabi da ake cirewa don asusun gidaje, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana mai da shi ga magada, ta hannun ofis. Ƙungiyar adashin ma'aikata da ƙungiyar ƙwadagonsu su ma a tuntuɓe su, a ji abin da ya tara da abin da ake bin sa. Diyyar NSITF kuwa, wato hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata bisa dokar 2010, ta shafi wanda ya rasu ta dalilin aiki ne, ko a hatsari a hanyarsa ta zuwa ko dawowa daga aiki, kuma ana nema cikin shekara ɗaya. Bisa abin da kika bayyana ba ta shafe ku ba, sai in likita ya danganta ciwon da irin aikin da yake yi.

Idan kuɗi ya taru, a fara biyan bashi. Ragowar sadakinki ko na abokiyar zamanki, idan akwai, bashi ne. Sai wasiyya in ya bari, kada ta wuce sulusi. Kayan ɗakinku da duk abin da kuka mallaka da kanku ba sa cikin gado. Ga misali don ki ga yadda lissafin yake: a ce bayan duk wannan naira miliyan 4.8 ta rage. Ku matan biyu kuna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, naira 600,000, kowacce 300,000. Hajiya tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, naira 800,000. Ragowar miliyan 3.4 ta yara ce, a kasa goma tunda namiji yana ɗaukar rabon mata biyu: kowace mace 340,000, kowane namiji 680,000. Rabon ƙananan yara a sa alƙali ya faɗi wanda zai riƙe da yadda za a riƙa cirewa, a buɗe wa kowane yaro asusu da sunansa, a riƙa rubuta abin da aka kashe. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta isa gargaɗi ga duk wanda dukiyar maraya ta shiga hannunsa, uwa ce ko baffa.

Idan fayil ya kwanta, kada ku tsaya ga "ku dawo mako mai zuwa". Ku rubuta wa kamfanin ƙorafi, ku ajiye kwafi. In ba a amsa ba, PenCom tana da ofishin shiyyar Arewa maso Yamma a Kano, ban da hedikwatarta a Abuja. Matsalar kamfanin inshora ta hukumar kula da inshora ta ƙasa ce, wato NAICOM. Idan ofis ne ya danne takarda, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a kowace jiha, ba a biyan kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Mai karatu da mamacinsa ma'aikacin jiha ne ya lura cewa tsarin ya bambanta: Kano da Jigawa suna da asusun fansho nasu na jiha, sojoji suna da hukumarsu, tsofaffin 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari kuma suna ƙarƙashin hukumar PTAD mai biyan su.

Yanzu ga Yaya. Malam, shekara biyu ba ta da yawa. Ka je kamfanin fanshonka a wannan watan ka tabbatar an sabunta bayananka an haɗa da NIN, musamman idan ka buɗe asusun kafin Yulin 2019. Ka jera takardar ɗaukar aiki, katin NIN, BVN da rajistar fansho a kan tabarma ɗaya ka duba suna da ranar haihuwa. Duk inda suka saɓa, gyara shi yanzu da kake da ofis da abokan aiki, domin bayan ritaya ƙofar da kake shiga kai tsaye sai ka jira a benci. Idan ka taɓa buɗe asusu a kamfani biyu kana da lamba biyu, ka kai maganar a haɗe su. Ka cike sabon fom na makusanci, wato nes-of-kin, da na mai cin gajiyar inshora da sunayen iyalinka na yau. Kuma kada rajistar da PenCom ke yi wa masu shirin ritaya ta wuce ka. Ka tambayi kamfanin fanshonka lokacin da ake yin ta tun kafin ritayarka, domin da ita ake sa haƙƙinka na kafin 2004 a lissafin gwamnati. Wanda ta wuce shi yakan daɗe a gida ba albashi ba fansho.

Ranar da za ka zauna da kamfanin fansho bayan ritaya za a ba ka wani kaso na kuɗinka a dunƙule. Ba kai ke yanke iyakar adadinsa ba, ana lissafa shi ne da shekarunka, albashinka na ƙarshe da abin da ke asusun, yadda ragowar za ta iya biyan ka duk wata. Sai ka zaɓi ɗayan biyu. Ko kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juya shi ana biyan ka wata-wata, in ka rasu abin da ya rage na magadanka ne. Ko ka miƙa shi ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rayuwa, wanda ake kira anuwiti. Wannan na biyun yana da lamunin shekara 10: in ka rasu a shekara ta huɗu, za a ba magada na shekara shida da suka rage, in ka wuce goma babu abin da za su karɓa. Wanda ke na farko yana iya komawa na biyu daga baya, amma wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa. Mai ƙananan yara ya auna wannan da kyau kafin ya sa hannu, kada ya biye wa zaƙin bakin dillali. Idan kuma kuɗin ruwa ne damuwarka, tun 2021 a cikin asusun da kamfanonin fansho ke juya kuɗi akwai wanda ake kira asusu na shida, wanda ba a zuba kuɗinsa a harkar ruwa, ga mai aiki da mai ritaya. Sai ka nema a rubuce kafin a mai da kai.

Ke kuma 'yar'uwa, a wannan makon abu uku sun ishe ki: wasiƙar sanar da ofis, takardun liman da mai unguwa, da zaman da za a yi da ƙanin mijinki a gaban Hajiya. Ki sayi fayil ɗin roba guda, ki yi fotokwafi biyar na kowace takarda, na asali su zauna a akwatinki, ana nuna su ne a dawo da su. Idan kin karɓo jerin takardu daga kamfanin fanshon kika ga wani abu da bai yi daidai da wannan bayani ba, ki sake rubuto mana da abin da suka ce.